Tarihin Ƙarfen Rolar Katafila

Rola ita ce ƙaramar ƙafar ƙarfe wadda ake jerawa a ƙarƙashin katafila da sauran injinan da ke tafiya bisa sarƙa, kuma da yake nauyin injin baki ɗaya a kanta yake sauka, alhali tana cikin rairayi da laka dare da rana, ba ƙaramar hikima aka kashe ba wajen zaɓen ma'adinin da ya cancance ta.

Lokacin da Benjamin Holt ya jarraba tarakta mai sarƙa a Stockton ta Amurka cikin 1904, da katako aka yi tafin sarƙar. Ba a jima ba ƙarfe ya maye gurbinsa, har kamfanin Holt ya haɗe da na wani maƙerin tarakta mai suna Best a 1925, aka sami kamfanin Caterpillar. Mushkilar maƙeran wancan zamani ita ce, ƙarfe mai tauri ƙwarai yakan tsage in ya daki dutse, mai laushi kuwa rairayi ya cinye shi. Haƙiƙa Robert Hadfield na Shafil a Ingila ya fito da ƙarfe mai yawan manganis tun 1882, wanda duka ke ƙara masa tauri, amma sassaƙa shi da wuya, don haka galibi ya fi amfani a sarƙa.

Mafita ta zo cikin shekarun 1930, sa'ad da aka koyi zafafa fuskar ƙarfe kaɗai da lantarki, sannan a shayar da ita ruwa nan take, ta yadda bayan rola zai taurare, cikinta kuma ya saura da juriya. Daga bisani aka riƙa sanya ɗan sinadarin boron, wanda bai kai ko kashi ɗaya cikin dubu ba, domin taurin ya ratsa ciki sosai. Rolar kuwa a kan sandar tsakiya take juyawa, da zoben tagulla a tsakaninsu.

Sai dai a ganina, abin da ya fi tsawaita ran rola shi ne hana ƙasa shiga cikinta. Dā kullum sai an ɗura mata girisi, har Caterpillar ya ƙago wasu zobba biyu na ƙarfe masu gogar juna, da roba a bayansu tana matse su, waɗanda ke tsare mai a ciki. A yau akasarin rola ana zuba mata mai sau ɗaya ne a masana'anta.