Ɗabi'un Tsaftar Baki da Lafiyar Haƙora a Tsakanin Matasa: Nazari kan Lokacin Goge Baki, Shan Zaƙi da Matsayin Asuwaki

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin alaƙar da ke tsakanin ɗabi'un yau da kullum na matasa da cututtuka biyu da suka fi addabar baki, wato ruɓewar haƙori da kumburin dasashi. An dogara da rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu fitattun gwaje-gwajen kimiyyar haƙora, sannan aka auna su da al'adar tsaftar baki ta ƙasar Hausa. Nazarin ya nuna cewa matsalar matashi ba ƙyamar tsafta ba ce. Tushenta abu uku ne: kwanciya ba a goge baki ba, yawan maimaita shan zaƙi, da ƙarancin sinadarin fuloraid.

Muhimman kalmomi: matasa, haƙori, dasashi, asuwaki, sukari, fuloraid.

1.0 Gabatarwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki. Daga cikinsu, kimanin biliyan 2 na da ruɓewar haƙoran girma da ba a yi wa magani ba. Shekarun samartaka suna da muhimmanci a nan, domin turamen haƙori na biyu kan fito ne wajen shekara 12, na ƙarshe kuma tsakanin 17 da 25. A daidai wannan lokaci ne iyaye ke janye ido, yaro ya fara riƙe kuɗin kashewa, ya zaɓi abin da zai ci da kansa. Haƙorin da ya lalace a wannan mataki ba shi da magaji.

2.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar bitar ayyukan da suka gabata. An zaɓi gwaje-gwajen da suka bayyana yadda cutar ke samuwa, aka kwatanta sakamakonsu da abin da aka saba gani a gidaje da makarantun ƙasar Hausa.

3.0 Sukari da Ruɓewar Haƙori

Jama'a kan danganta kogon haƙori da tsutsa, amma ainihin masu ɓarnar ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙori, musamman Streptococcus mutans. Suna cin sukari, su fitar da asid. Wani mai bincike, Stephan, ya nuna a shekarun 1940 cewa tsamin wannan dauɗa kan ƙaru cikin 'yan mintuna bayan shan zaƙi. Idan tsamin ya ƙaru har ma'auninsa na pH ya sauka ƙasa da 5.5, farin ɓawon haƙori ya fara zagwanyewa, kuma yawu na buƙatar rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ya daidaita bakin.

Binciken Vipeholm na ƙasar Suwidin, wanda aka buga a 1954, ya tabbatar da cewa zaƙin da ake ci tsakanin abinci, musamman mai danƙo, ya fi wanda ake ci tare da abinci lahani. An yi Allah wadai da binciken daga baya saboda an gudanar da shi a kan masu larurar ƙwaƙwalwa, amma darasinsa ya tabbata. Ɗalibin da ya karya da shayi mai sukari, ya tsotsi alawa a aji, ya sha zoɓo lokacin tara, ya kora da lemon kwalba da yamma, bai bar wa yawunsa sararin gyara ba.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babba. Gwangwanin lemo guda na iya ɗaukar giram 35. Harajin naira 10 kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta Nijeriya ta 2021 ta ɗora wa lemuka bai shafi zoɓo da kunun aya da ake ƙullawa a gida ba.

4.0 Dasashi da Goge Baki

A 1965 wani mai bincike, Löe, da abokan aikinsa a Denmak sun sa matasa masu lafiyayyen baki su daina gogewa. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke cikin kusan mako guda. Ke nan jinin da matashi ke gani a buroshi ba dalilin dainawa ba ne, alama ce ta wurin da gogewa ba ta kai ba.

Al'adarmu ta ƙarfafa wanke baki da safe domin kauce wa wari a gaban mutane. Sai dai yawu na raguwa ƙwarai lokacin barci, don haka ragowar abincin dare ke kwana yana aiki a kan haƙori. Gogewar dare ita ce mafi amfani, kuma ita aka fi bari.

5.0 Matsayin Asuwaki

Asuwaki sunna ce, kuma gado ne, ko na itacen Salvadora persica ne, ko na darbejiya, ko na marke. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa idan an iya amfani da shi yana cire dauɗa kusan kamar buroshi. Rauninsa biyu ne. Yana wuyar kaiwa cikin haƙora ta ɓangaren harshe da turamen ƙurya, kuma ba ya samar da fuloraid gwargwadon man goge baki, wanda ake so ya ƙunshi kaso 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan. A 2021 aka sanya irin wannan man cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Su kuwa gawayi da toka da gishiri, suna kankare ɓawon haƙori, abin da ba ya sake tsirowa.

6.0 Shawarwari

Na farko, a goge baki sau biyu, minti biyu-biyu, ɗaya daga ciki dab da kwanciya, a tofar da kumfa ba tare da kuskure baki da ruwa ba. Na biyu, a riƙe asuwaki a lokutan alwala, ya zama ƙari a kan buroshi. Na uku, a mayar da zaƙi lokacin cin abinci. Na huɗu, makarantun kwana su sanya gogewar dare cikin jadawalinsu, malaman Islamiyya kuma su haɗa darasin asuwaki da bayanin sukari. Na biyar, tsangayoyin koyon aikin haƙori, irin ta Jami'ar Bayero, su riƙa duba bakin ɗaliban sakandare 'yan shekara 12 da 15.

7.0 Kammalawa

Ruɓewar haƙori da kumburin dasashi cututtuka ne da aka san sababinsu, kuma rigakafinsu bai fi ƙarfin talaka ba. Al'ummar da ta riga ta ɗauki tsaftar baki ibada tana da tushe mai ƙarfi. Abin da ya rage shi ne a gyara lokacin gogewa, a rage maimaita zaƙi, a kuma kai matashi ga likita tun kogon yana ƙarami, kafin cirewa ta zama ita kaɗai ce mafita.