Daga Ankara Zuwa Maradi: Yadda Abinci Ya Zama Magani

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi tukunyarmu.

A shekarar 1929 aka tura wata likita haifaffiyar Jamaika, mai suna Cicely Williams, aiki ƙasar da yanzu ake kira Gana. A asibitin yara na Ankara ta riƙa ganin yara masu kumburin ƙafa, gashinsu ya yi ja, fata tana saɓulewa, suna ta mutuwa. Sai ta yi abin da likitocin zamanin ba su cika yi ba: ta zauna da iyaye mata ta saurare su. Suka ce ai ciwon yana da suna a harshen Ga, kwashiorkor, wato ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Kun ji fa, abin da mu muke kira kwanika. An yaye yaro da wuri, an bar shi da kokon masara zalla. Ta rubuta bayanin ciwon a 1933, ta fito da sunan a 1935, ta kuma nuna cewa idan aka ba yaron madara da wuri yana iya tashi.

Irin wannan bincike ne ya ƙarfafa aikin masana abinci na asibiti, waɗanda ke auna wa majinyaci abin da zai ci kamar yadda ake auna magani: mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciki, da yaro mai tamowa.

A 1996 wani likitan Faransa, André Briend, da wani kamfani suka haɗa gyaɗa, madarar gari, sukari, mai da sinadaran bitamin a ƙaramar leda, aka sa masa suna Plumpy'Nut. Da yunwa ta afka wa Nijar a 2005, musamman yankin Maradi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, akasarinsu a gida. Uwa ce ke karɓo ledojin, ita ke ba ɗanta a ɗakinta.

To 'yar uwa, ko kina Unguwar Sarki, ko Kawo, ko Badarawa, gyaɗar nan tana kasuwa. Kunun yaye kada ya zama ruwan gasara kawai. A sa gyaɗa ko waken suya, a ba yaro ƙwai da miyar zogale. Nono zalla wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2.

In kuwa kika ga ƙafa ta kumbura, kin danna yatsa ya lotsa, ba maita ba ce, ba kuma aikin jiƙo ba ne. A shaida wa maigida ranar nan, a kai yaro asibiti, ko Barau Dikko ko na unguwa.

Allah Ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.