Gadon Kallo Da Gadon Gado: Tarihin Katako A Ɗakin Amaryar Sakkwato

Kwanan baya wani yayana ya tashi aurar da ɗiyarsa, sai ya ce in raka shi wajen wani kafinta a kusa da Ƙofar Taramniya mu zaɓi gado. Muka tarar da gadaje biyu jingine a rumfa. Ɗaya sai sheƙi yake yi, sumul kamar madubi, ɗayan kuwa ja ne mai duhu, ga nauyi, ga tsada, ba shi da wani ado na a zo a gani. Yayana ya tambayi bambancinsu. Kafintan, wani dattijo mai furfura, ya ƙwanƙwasa na farko ya ce, "Alhaji, wanga na kallo na." Ya dafa na biyu ya ce, "Wanga ko na gado na, jikokinta ka raba shi." Na farkon dusar katako ce aka matse aka lulluɓe da falle mai kyau, na biyun kuwa zallar maɗaci ne ciki da waje.

Wannan magana ta dattijo ita ta sa na zauna ina tunanin yadda aka yi har muka iso wannan mararraba, domin kakanninmu ba su san ta ba.

Mai karatu, fara da sunan ƙofar kanta. Taramniya itace ce ta daji, haka ma marke da ake kiran Ƙofar Marke da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa birnin a shekarar 1809, tun kafin ya hau sarauta, a ƙasar da mutane suka san kowane itace da aikinsa. Giginya ta azara ce, da ita ake rufin soro domin gara ba ta cin ta da sauƙi, kuma a filin Giginya ne aka gwabza da Turawa ranar 15 ga Maris, 1903. Ƙirya ta turmi ce da gawayin maƙera. Aduwa ta allon karatu. Masassaƙi yakan ɗauki gungume guda ya yi ta sara da gizago har kujera 'yar tsugunno ko akushi ya fito, ba ƙusa, ba gam, ba haɗi. Abin da ido ya gani a waje shi ne a ciki.

Sai dai a wancan zamani ba a kwanciya a kan katako. Gado na kara ne, ko na gwangwala, ko kuma na ƙasa wanda ake ginawa da rami a ƙarƙashi a sa garwashi lokacin hunturu. Tufafi a adudu suke. Dukiyar ɗakin mace ƙorai ne da faya-fayai da tasoshi, daga baya kwanonin sha da langa suka shigo. Kuma wannan jere ba ado kawai ba ne, ajiya ce. In fari ya zo ko wata lalura ta taso, mace takan ciro tasa ta sayar ta rufa wa kanta asiri. A riƙe wannan, domin shi ne mizanin da zan auna sauran da shi.

Aikin kafinta da zarto da ƙusa ya yaɗu ne da zuwan Turawa, waɗanda suke son tebur da kujera da benci a ofisoshi da makarantu. Itacen da ake tsagawa ya ba da dogon falanki kuwa a kurmin Kudu yake. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa da ya tashi daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya tsaya nan bai ƙaraso Sakkwato ba. Saboda haka kowane falanki sai ya sha tafiyar mota kafin ya iso, ya zo da tsadarsa. Talaka bai ko kalli gadon katako ba. Abin da ya fara korar gadon kara daga ɗakin amarya shi ne gadon ƙarfe, musamman mai rumfa. Kamfanin Vono na Ikko ya yi suna da shi har sunan ya zama sunan gadon, a Kano kuma iyalan Moukarim sun buɗe masana'antar gadajen ƙarfe da kayan katako a 1959. Gadon ƙarfe ya bi tsohon mizani sarai: gara ba ta cin sa, in ya karye a kai wa mai walda, in an matsu a sayar da shi da daraja.

To ina falle ya fito? Mutane da dama suna zaton sabuwar dabara ce ta 'yan damfara. Ba haka ba ne. Misirawan zamanin Fir'auna, da yake ƙasarsu ba ta da itace mai kyau, sukan yanka itace mai tsada siriri su manna a kan mai araha, kuma an ga irin wannan aiki a kayan kabarin Tutankhamun da aka buɗe a 1922. Dabara ce ta mutanen da itace ya yi wa ƙaranci, wato irinmu. A nan gida, kamfanin African Timber and Plywood ya kafa babbar masana'anta a Sapele a ƙarshen shekarun 1940. Ana feƙe gungume kamar ana warware tabarma, a sami falle-falle, a jera su ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye, uku ko biyar ko bakwai, a matse da gam. Wannan shi ne filawud.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai gaskiyar da masu yabon zallar katako ba su cika faɗa ba. Itace yana shan danshi yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Falankin da aka tsaga a kurmi aka loda shi da ɗanyensa, in ya iso Sakkwato ya gamu da iskar hunturu, sannan bazara ta biyo da zafin da kan haura digiri 40, sai ya kantare ko ya tsage, ƙofar kabad ta ƙi rufuwa, ƙafar gado ta riƙa ƙara. Filawud mai kyau ba ya wannan, saboda kowane falle yana riƙe da ɗan'uwansa. Ke nan a garinmu zallar katakon da ba a bari ya bushe ba yana iya zama asara fiye da falle. Tsofaffin kafintoci sun san haka, shi ya sa sukan jingine falanki a inuwa watanni kafin su sa masa zarto.

Shekarun 1970 su suka juya al'amarin. Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, ma'aikata suka ƙaru, kuɗin man fetur ya shigo, aka biya Udoji a 1975. Gadon ƙarfe ya zama na ƙauye. Aka shiga yayin Formica, wani falle mai tauri da aka ƙirƙiro a Amurka tun wajen 1913, wanda takarda ce da sinadari aka gasa, babu itace a fuskarsa ko kaɗan sai zanen itace. Gado da kabad da sho-gilas duk suka sha Formica, kwanoni suka sauka daga bango suka shiga bayan gilashi. Duk da haka ƙashin kayan na katako ne, kuma har yau akan ci karo da irinsu a ɗakunan iyayenmu, gefe ya ɓanɓare amma suna tsaye.

Abin da ya biyo baya shi ne dusar katako da ake matsewa, wadda kafintoci ke kira MDF, da kuma saitin ɗaki na Sin da Turkiyya da Dubai. A nan mizanin ya karye. Laifin ba na falle ba ne, na abin da ke ƙarƙashinsa ne. Ruwan wankin ɗaki ya taɓa gindinsa sai ya kumbura kamar burodi. A kwance shi don tashi daga gidan haya, ƙusoshin ba su sake kamawa. Dillaliya ta zo ta taya shi da abin da bai kai a faɗa ba. Gara kuwa, ba wadda dangin amarya ke kaiwa gidan miji ba, ɗayar, tana jira a gindin bango. Uba ya ci bashi ya yi kayan da in ɗiyarsa ta shiga matsi ba za su fisshe ta ba, abin da tasar kakarta take yi mata.

Amma kada a yi gaggawar zagin mai sayen MDF. Zallar katako ta yi tsada ne domin itacen yana ƙarewa. Maɗacin da ya rage a garuruwanmu mafi yawa na inuwa ne a bakin hanya, masu magani ma sun ɗaye masa ɓawo. Madobiya kuwa an yi ta sararta a dazuzzukan Taraba da Kogi ana lodawa zuwa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu daga 2017. Gungume guda da zai ba da gado ɗaya na zalla, in aka feƙe shi falle zai lulluɓe gadaje masu yawa.

Yayana dai ya daɗe yana lissafi, ga kuɗi ba su kai ba, ga matan gida sun ce 'yan jere za su yi dariya in ɗaki bai yi sheƙi ba. Dattijo ya ba da shawarar a raba: ƙafafu da firam ɗin gado, inda nauyi yake, a yi su da busasshen maɗaci, allon kai da ƙofofin kabad a yi da filawud a manna masa fallen itace na gaske, kuma a ɗaga kabad daga ƙasa da ɗan yatsa huɗu saboda ruwa. Ya nuna mana yadda ake leƙa bayan kaya da gindin durowa, inda ba a shafa fenti, a ga ko jijiyar itace ce ko dusa. Aka yi ciniki a kan haka, ya ce a ba shi mako shida. Matan gida suka ce ya yi nisa, aka daidaita a kan biyar.