Azumin Kwana Arba'in na Kiristoci a Ƙasar Hausa

Azumin da Kiristoci suke yi gabanin bikin Ista yana farawa ne ranar Larabar Toka, ya ɗauki kwana arba'in, ban da ranakun Lahadi. Tushensa kwana arba'in ɗin nan ne da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi a jeji bai ci abinci ba. Tun a taron malaman coci na Nikiya, a shekarar 325, an ambaci wannan lokaci. Da can azumin mai tsanani ne: abinci sau ɗaya a yini, ba nama, a wurare da yawa har ƙwai da madara an hana. A 1966 Paparoma Paul na shida ya sassauta wa 'yan Katolika, azumin dole ya koma na Larabar Toka da Jumma'ar da ake tuna gicciye Yesu, tare da ƙaurace wa nama a Jumma'o'in lokacin.

Al'adar ta iso ƙasar Hausa da mishan ɗin Angilika. A 1900 tawagar Bishop Tugwell ta shiga Kano, Sarki Alu ya sallame ta. Likita Miller, wanda yake cikin tawagar, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, sannan aka mayar da mishan ɗin zuwa Wusasa a 1929. Limaman Katolika kuwa sun fara da baƙin Sabon Gari kafin su kai ga ƙauyukan Maguzawa.

A arewa maso yammacin Jigawa, wato ƙasar Kazaure, Roni da Gwiwa har zuwa Babura da Kanya Babba, inda galibin jama'a Musulmi ne, labarin ya sha bamban. Mishan ɗin SIM ne ya kafa tasha a Roni, kuma cocin ECWA da ya fito daga cikinsa a 1954 bai ɗauki kalandar Katolika da Angilika a matsayin farilla ba. Nasa azumin na ganin dama ne, ko wanda shugabanni suka kira don wata bukata. Shi ya sa ba kowane Kirista ake gani da toka a goshi ranar Larabar Toka ba.

Inda ake kiyaye al'adar, ganyen dabinon da aka riƙe a Lahadin Dabino ta bara ake ƙonawa, limamin coci ya dangwali tokar da babban yatsa ya zana gicciye a goshin kowa, yana tuna masa cewa daga ƙasa ya fito, can kuma zai koma. Lokacin kan faɗo tsakanin Fabrairu da Afrilu, daga ƙarshen hunturu zuwa tsananin zafin bazara, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi. Masu ibada da yawa ba sa tsayawa kan sassaucin doka, sukan kame baki tun safe har yamma, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi cikin maƙwabta masu Ramadan. A 2025 azumi biyun sun haɗu: Musulmin Najeriya suka ɗauka ranar 1 ga Maris, Kiristoci kuma ranar 5 ga watan.