Sakan Goma Sha Biyu: Tarihin Rigar Direban Tsere

Yau tarihin wata riga za mu bi, rigar da direbobin tseren mota ke sawa saboda gobara.

Ranar 29 ga Nuwamba, 2020, a ƙasar Baharain, motar Romain Grosjean ta daki shingen ƙarfe tana gudun kilomita 192 a awa ɗaya. Ta rabe gida biyu, ta kama da wuta. Direban ya yi kusan sakan 28 a cikin wutar, sannan ya fito da ƙafafunsa, takalmi ɗaya ya maƙale a cikin motar. Ƙunar da ta fi yi masa illa a bayan hannuwansa take. Duk wanda ya ga bidiyon cewa yake yi kwanansa ne bai ƙare ba, kuma haka ne. Amma Allah kan sanya sababi, kuma sababin a nan an yi shekara fiye da hamsin ana ɗinka shi.

A shekarun 1950, gwanin gwanaye irin Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina da rigar shan iska mai gajeren hannu yake shiga mota, fetur kuwa na kewaye da shi a tankuna marasa ƙwari. Zafin cikin mota ya fi damun direbobin wancan zamani. Da aka fara farga, dabarar da aka samo ita ce a jiƙa kayan auduga a ruwan sinadarin boraks, a shanya su bushe. Hakan yana rage saurin kamawar wuta, sai dai wanki yana fitar da sinadarin, dole a sake jiƙawa.

Shekarar 1964 ce ta tona asirin wannan dabara. Ranar 24 ga Mayu, a filin tsere na Charlotte a Amurka, motar Glenn Roberts ta daki bango da baya, ta kife, tankinta ya fashe. Roberts ba ya jiƙa kayansa, domin jikinsa ba ya jituwa da sinadarin. Abokin tserensa Ned Jarrett ne ya jawo shi waje, amma ya riga ya ƙone ƙwarai, ya rasu ranar 2 ga Yuli bayan kusan mako shida a asibiti. Kwana shida kacal bayan hatsarin nasa, a tseren Indianapolis, Eddie Sachs da Dave MacDonald suka mutu a wata gobarar. Shahararrun direbobi uku ke nan daga hatsari biyu na mako guda.

Maganin bai fito daga filin tsere ba. A ɗakin binciken kamfanin DuPont, wani masanin sinadarai mai suna Wilfred Sweeny ya haɗa wani zare da aka sa wa suna Nomex, aka fitar da shi kasuwa a 1967. Dukkanmu mun san yadda leda ko yadin roba ke narkewa ya manne a fata. Nomex ba ya narkewa, ba ya ɗiga. In zafi ya kai wajen digiri 370 sai ya babbake ya yi kauri, in an janye wutar kuma ya mutu da kansa. Juriyar tana cikin jikin zaren, saboda haka wanki ba ya fitar da ita.

A watan Janairun wannan shekara ta 1967 gobara ta kashe 'yan sama jannati uku a cikin kumbon Apollo 1 suna gwaji a ƙasa, batun kayan da ke jure wuta ya zama babbar magana a Amurka. Wani ɗan sama jannati mai sha'awar tsere, Pete Conrad, wanda daga baya ya zama mutum na uku da ya taka duniyar wata, shi ya nuna wa Bill Simpson wannan ƙyalle. Simpson direba ne mai sana'ar kayan kariya. Ya ɗinka riguna, kuma a tseren Indianapolis na watan Mayun 1967 direbobi 30 cikin 33 da Nomex suka shiga. Don ya gamsar da masu shakka, Simpson kan sa rigar a cinna masa wuta a bainar jama'a.

A Turai kuwa, a farkon wannan wata na Mayu, motar Lorenzo Bandini ta kife a Monako cikin dammunan busasshiyar ciyawa da ake jerawa a gefen hanya. Ciyawar ta ƙara wa wutar ƙarfi, aka daɗe kafin a fito da shi, ya rasu bayan kwana uku. Daga nan aka fara kawar da ciyawa daga filayen tsere.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne Roger Williamson, a Zandvoort ta ƙasar Holan, ranar 29 ga Yuli, 1973. Motarsa ta kife tana ci da wuta, yana ciki da ransa. David Purley ya tsayar da tasa motar, ya rugo, ya yi ta ƙoƙarin birkice ta shi kaɗai. Ma'aikatan filin suna tsaye, ba su iya matsowa ba, domin kayan jikinsu ba masu jure wuta ba ne. Williamson ya mutu saboda rashin iskar shaƙa. Ranar aka gane cewa mai ceto ma yana bukatar irin rigar direba. A 1975 hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta kafa ma'aunin da kayan direba za su cika.

Shekara guda bayan haka, ranar 1 ga Agusta, 1976, Niki Lauda ya yi kusan minti ɗaya a cikin wuta a Nürburgring ta Jamus, kafin direbobi huɗu su ceto shi, Arturo Merzario ne ya kutsa ya zaro shi. Rigar ta kare gangar jikinsa. Hular kwanonsa ce ta zame, sai wuta ta ci kansa da mafi yawan kunnensa na dama, hayaƙi ya lalata masa huhu. Bayan mako shida ya koma tsere a Italiya, ya zo na huɗu.

To, mai sayen wannan riga a yau me yake dubawa? Da farko tambari. A Amurka gidauniyar SFI tana ba riguna lamba gwargwadon sakan nawa za su tare zafi kafin fata ta yi bororo. Mai lamba 3.2A/1, wadda yawanci falle ɗaya ce, kusan sakan uku take bayarwa. Mai 3.2A/5 kusan goma, mai 3.2A/20 kuwa, ta masu tseren da ke ƙona mai mafi hatsari, kusan arba'in. Ma'aunin FIA na yanzu, 8856-2018, ya shar'anta a kunna wa ƙyallen wuta, kuma zafin da ke ratsawa ciki kada ya ƙaru da digiri 24 kafin sakan 12. Rigar da aka amince da ita a wannan ma'auni shekara goma ce wa'adinta.

Sai girma. Rigar da ta ɗame jiki ta yi asarar wani ɓangare na amfaninta, domin iskar da ke tsakanin falle da falle, da tsakanin riga da fata, ita ma katanga ce. Sai abin da ke ƙarƙashi: 'yar ciki da safa da hular fuska duk sai na irin wannan zare, don singiletin roba zai narke a jiki ko da rigar sama ba ta huje ba. Ko surfanin sunan kamfani akwai ƙa'idarsa, a fallen waje kawai ake yin sa, kada allura ta ratsa har ciki ta buɗe wa zafi hanya. Rigar da ta sha mai ko giris kuwa ta zama lagwani. Madaurin nan biyu da ke kafaɗu ma suna da aiki, nan masu ceto ke kamawa su jawo direban da ya suma.

Wani zai tambaya, in sakan 12 ne, yaya Grosjean ya yi 28? Goma sha biyun mafi ƙaranci ne ga rigar ita kaɗai, a ƙarƙashinta akwai wani fallen. Inda kariyar ta fi rauni, wato safar hannu da dole ta zama marar kauri don direba ya ji sitiyari, nan wuta ta ci. Abin da ya sami kan Lauda shi ya sami hannun Grosjean, wuta kafa take nema. Shi ya sa a 2021 FIA ta fara gwada sababbin safofin hannu da aka ƙara wa kusan sakan ɗaya da rabi.

Mun kawo wannan tarihi ne saboda wani kuskure da muke yawan yi a labaranmu. Sai mu sa jarumi ya faɗa gida mai ci da wuta, ya tsaya ya yi doguwar magana da jaruma, ya saɓo ta ya fito ko gashin girarsa bai babbake ba. Direban da ke sanye da rigar da masana suka yi shekaru suna gyarawa, sakanni ake lissafa masa. Namu jarumin da shadda ya shiga. Kafin mu rubuta irin wannan fitowa, mu ɗauki agogo mu karanta maganar da muka sa masa a baki, mu ga sakan nawa ta ci. Mu tambayi kanmu wane yadi ne a jikinsa, hayaƙi ya yi masa me, wa ke tsaye a waje, kuma me ya hana shi shiga. Mai karatu da ya taɓa ƙonewa ko da a bakin murhu ne zai gane ko mun yi wannan lissafi.

Wanda ke da fitowar gobara a cikin rubutunsa ya ajiye mana ita a ƙasa, mu auna ta tare kafin mako mai zuwa. Allah ya kare mu daga wutar duniya da ta lahira.