Shekarar da Ciyawa Ta Cinye Filin Makaranta

A ranar Laraba, 18 ga Maris, 2020, gwamnonin jihohin Arewa maso Yamma suka gana a Kaduna, suka yanke shawarar rufe makarantu na tsawon kwana 30 daga ranar Litinin, 23 ga wata. Gwamnan Katsina na wancan lokaci, Alhaji Aminu Bello Masari, mutumin ƙasar Ƙafur, shi ne shugaban taron. Kwana 20 ke nan da samun mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Legas, kuma a Jihar Katsina ba a ji ɗuriyarta ba sai cikin watan Afrilu, lokacin da ta yi ajalin wani likita a Daura. Kwana 30 ɗin nan sai da suka zama fiye da wata shida. Mun ga ya dace mu rubuta wa 'yan'uwa mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas yadda al'amarin ya kasance a gida, domin labarin da suka gani a talabijin na makarantun birni ne.

Annoba ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa tamu. Kakanninmu sun ba da labarin marisuwa, murar nan ta 1918 da ta shigo ta Legas ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, amma a zamanin makarantun boko ba su kai ƙauyukanmu ba, balle a yi maganar rufe su. Wadda malaman makaranta suka fi sani ita ce sanƙarau, mai zuwa da bazara, mai tafiya da saukar ruwan sama. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, har hukumomin Saudiyya suka hana maniyyatanmu zuwa aikin Hajji a shekarar. Ta sake waiwayo Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017. A 2014 kuwa Ibola ce ta sa Gwamnatin Tarayya ta ɗage komawa makaranta, aka fara cewa sai 13 ga Oktoba, daga baya aka dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba. Ko da yake cutar ba ta iso mu ba, a wannan shekara ce yawancinmu muka fara ganin na'urar auna zafin jiki da ake saitawa a goshi.

Daga sanƙarau ne tsofaffin malamanmu suka ɗauki darasin da suka koya mana a makarantar horon malamai: idan zafi ya tsananta, a fito da yara daga ɗaki. A buɗe tagogi, a jingina allo a gindin darbejiya, 'yan kwana su shimfiɗa tabarmi a waje. Ba su san sunan ƙwayar cuta ba, amma sun lura cewa cunkoso a rufaffen ɗaki shi ke kwantar da yara. Ga mai sha'awar tarihi, a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Libaful ta Ingila sun yi shekaru suna binciken cututtukan karkara a Malumfashi, har sunan garin ya shiga littattafan likitanci na duniya.

Rufewar 2020 ta zo wa yaron birni da yaron karkara ta fuska daban. A birni an yi ta maganar karatu ta intanet. A nan kuwa rediyo ce kawai ta kai ga wasu gidaje da darussa, ita ma sai wanda ya samu batir da natsuwa. Abin da ya karɓi yaranmu shi ne gona. Watan Afrilu sharar gona da kai taki, Mayu da Yuni shuka, sannan noma da maimai da huɗa. Daga Bakori zuwa Ɗanja, daga Ƙafur zuwa Ɗandume, uban da kullum yake kukan makaranta ta raba shi da 'ya'yansa a tsakiyar damina ya samu hannu kyauta a gonar masara da dawa da auduga. Ba mu ga laifinsa ba. Sai dai yaron da ya fara karɓar kuɗin ƙwadago a hannunsa, ko ya ɗanɗana acaɓa, komawa benci tana yi masa wuya. Yarinyar da ke aji biyu ko uku na sakandare kuwa, wata shida a gida ya isa a kawo kuɗin gaisuwa. Duk hedimastan da ya buɗe rajista bayan hutun ya san sunayen da ya kira bai ji amsa ba.

A watan Yuli Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin komawa: tazarar mita biyu tsakanin ɗalibai, takunkumi, wanke hannu da sabulu, da raba yara kashi biyu, na safe da na rana, inda aji ya cika. Aka ba 'yan ajin ƙarshe izinin komawa daga 4 ga Agusta, jarrabawar WAEC ta fara ranar 17 ga wata. Sauran azuzuwa sai a watan Oktoba, kuma makarantun tarayya irin ta 'yan mata da ke Bakori suka buɗe ranar 12 ga watan. Abin lura shi ne, an ɗage dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi tun 1 ga Yuli, kasuwanni kuma sun daɗe suna ci. Yaron da aka hana zama da 'yan ajinsa, shi ne ke dako a kasuwar Ɗandume ranar da take ci.

Ƙa'idojin ba su da aibi a takarda. Amma wanda ya rubuta mita biyu bai taɓa tsayawa gaban aji mai yara ɗari ba, rabinsu a ƙasa. Bokiti mai famfo kuma ba ya cika kansa, sai an tura yara rijiya. Inda aka ga tsari ya ɗore, ƙungiyar iyaye da malamai ce ko kwamitin makaranta ya sayi sabulu, ko wani tela ya ɗinka takunkumi na atamfa. Ga shi buɗewar ta faɗo daidai kaka, ana karyar masara, ana shirin cirar auduga, don haka kashin rana ya zama kashin kujeru babu kowa.

A cikin wannan hidima duka, abin da aka fi mantawa da shi shi ne filin wasa, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Rufewar ta zo ne a ƙarshen zango na biyu, lokacin da makarantu suka saba gudanar da gasar gidaje, wadda yara ke kira intahawus. Makarantar da ba ta riga ta yi tata ba ta rasa ta wannan shekara. A sama ma haka abin yake: gasar wasanni ta ƙasa da aka shirya yi a Jihar Edo a watan Maris na 2020 sai a Afrilun 2021 aka yi ta, gasar Olamfik ta Tokiyo ma ta koma 2021. To idan manya sun dakata, wane hedimasta ne zai busa usur?

Amma fa wasa a makarantun ƙasar Katsina ba ado ba ne. Tun daga Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda aka koya wa ɗalibai kurket da fayif, wasan da har yau ake bugawa a birnin Dikko, ƙarfe huɗu na yamma lokacin fili ne. Mu da muka shiga aikin koyarwa bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ba a sallame mu daga kwaleji ba sai da muka iya auna layin tsere da igiya, mu zana shi da toka. Ƙwallon ƙafa da tsere da tsalle da langa da jan igiya, su ne suka riƙe mana yaran da lissafi ya kasa riƙewa. Akwai yaron da ba abin da ke fito da shi daga gida da safe sai sanin cewa shi ne mai tsaron gidan ajinsu.

Yau an tabbatar da abin da a lokacin ake ta gardama a kai: korona ta iska take yaɗuwa, a rufaffen wuri mai cunkoso, kuma a sarari haɗarinta kaɗan ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya sai a 2021 ta fito fili ta amince da hakan. Ke nan wurin da ya fi ko'ina aminci a makarantar ƙauye shi ne filin da aka hana yara shiga, wurin da ya fi haɗari kuma shi ne ajin da aka cusa su domin a cike gurbin manhaja. Darasin gindin darbejiya yana hannunmu tun zamanin sanƙarau, amma takardar da ta zo daga Abuja ta fi ba wanke hannu da goge benci muhimmanci. An soke taron safe, an gajarta hutun tara, an cire wasanni daga jadawali da cewa sai an kamo abin da ya wuce.

Filin da aka bari damina guda kuwa ba ya jira. Mun ga inda ciyawa ta kai ƙugu, mun ga inda gara ta cinye sandunan raga, mun ga inda wani maƙwabci ya ce bari ya ɗan yafa wake kafin yara su dawo. A wasu wurare waken ya zama kunya, kunyar ta zama iyaka.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, wata biyu kacal da komawa, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai. Washegari gwamnati ta rufe makarantun kwana na jihar. An sako yara 344 ranar 17 ga wata, bayan kwana biyu kuma aka tare 'yan Islamiyya kusan 80 a Mahuta ta ƙasar Ɗandume, Allah Ya sa aka kuɓutar da su. Daga nan ma'anar aminci ta sauya. Fili, wanda yawanci yake bayan makaranta ta wajen daji, ya koma gefen da ake tsoro, uba kuma ba ya yarda ɗansa ya kai la'asar a can. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtua da Malumfashi da Bakori, ku na birni kun tuna watannin da ba ku iya jin muryar gida. Wasan sada zumunci tsakanin makarantar wannan gari da ta wancan, wanda a da akan cika mota da yara ana kiɗa, ya zama abin da ba mai sa hannu a takardar izininsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayu na 2023. Bokitan sun fashe, takunkumin ya zama tsumma, azuzuwa sun koma cikarsu ta da. Idan 'yan'uwa suka tara gudummawa, bisa al'ada ginin aji ake fara ambata, domin shi ne ake iya liƙa wa allon suna. Muna roƙon duk wanda ya zo hutun Sallah ya zagaya bayan tsohuwar firamarensa, ya taka filin da ƙafarsa daga wannan raga zuwa waccan, sannan ya tambayi hedimasta ko makarantar tana da takardar safiyo da ta nuna iyakarta, da kuma shekarar da aka yi gasar gidaje ta ƙarshe.