Labarin Jirgin Wushishi da Kayan Zungeru

Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa Jabo ko Tambuwal ba. Hanyar da aka jawo daga Zariya ta bi ta Gusau, ta tsaya a Ƙaura Namoda cikin 1929, nan ne iyakarta. Amma fa jirgin farko na ƙasar Arewa ya girme ta nesa, shi ne na Wushishi.

Da Gwamna Lugga ya zaɓi Zungeru ta zama mazaunin mulki, sai aka tarar jiragen ruwa ba su iya isa garin ta kogin Kaduna. Saboda haka cikin 1901 aka shimfiɗa 'yar siririyar hanya daga Wushishi, faɗinta ƙafa biyu da rabi, sa'an nan cikin 1902 aka ƙara ta har Barijuko, duka mil 22. Da babbar hanyar Ikko ta iso, mai faɗin ƙafa uku da rabi, sai aikinta ya ƙare.

Turawan reluwe kuwa ba su da almubazzaranci. Suka ciccire ƙarafan, suka kwashe kawunan jirgi da taragai suka kai Zariya, aka zuba su cikin hanyar da ake yi domin jigilar kuza, wadda ta kai Bukuru cikin 1914, mil 143. Ita ma da aka haɗa Jos da Kafanchan cikin 1927 sai ciniki ya ja baya, ta yi ta lallaɓawa har aka rufe ta cikin 1957. Waɗansu kawunanta da taragai aka ajiye a gidan kayan tarihi na Jos. Kan jirgin Wushishi na farko aka kai shi Minna aka girke, don masu zuwa baya su gani.

Haka kuma 'yar gadar ƙarfe da Lugga ya kafa a Zungeru cikin 1904. Bayan mulki ya koma Kaduna aka kwance ta, aka sāke ɗaura ta a lambun da ke bakin kogi, wurin da ake kira Gamji, cikin 1956 kuma Gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihin da doka ta tsare.

To, abin da ke da ƙusa da noti shi aka iya ɗauka. Gidan Gwamna da ofisoshin Zungeru kuwa aka bar su a can. Damina ta yi ta cinsu, har ya zama sai harsashi da 'yan ginshiƙai ke tsaye cikin ciyawa.